Tambaya: me zai hana majalisar jiha ta yi doka kan yadda ake gina makarantu da asibitocin gwamnati?

Malamin_Aji_Huɗu:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ni malamin firamare ne a wani gari kusa da Jega, shekarata 14 ina koyarwa, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na ce bari in kawo shi ko Allah Ya sa a samu masu ilimin abin su warware mini.

Shekara uku da suka wuce aka gina mana sabon bulok mai aji uku da ofis. Ranar da aka miƙa mana makulli kowa murna yake, fenti sai ƙyalli, don kafin nan 'yan aji ɗaya da aji biyu a gindin bedi suke zama. To wallahi tun bazarar farko muka gane irin ginin da aka yi mana. Kwanon siriri ne kamar takarda, an ɗora shi ƙasa-ƙasa, dogon mutum in ya miƙa hannu ya kusa taɓa silin, silin ɗin ma aji biyu aka sa wa na ukun kwano ne tsirara. Ginin kuma ya ba gabas fuska ya ba yamma baya, da safe rana ta shigo ta ƙofa har kan allo, da azahar ta koma ta bugi bangon baya, ba baranda ba itace ko ɗaya don sai da aka sare bedi biyu kafin a haƙa tushe. Daga watan Maris zuwa Mayu in ƙarfe 11 ta yi ba mai iya karatu, yara sama da 80 a aji, zufa na ɗiga kan littafi har takardar ta jiƙe ta yage, bara wata yarinya 'yar aji uku ta yanke jiki ta faɗi a gabana sai da muka yi ta zuba mata ruwa. Ƙarshe dai gindin bedin da ya rage muka koma, sabon gini na tsaye ba kowa ciki. Sannan iskar farkon damina ta zo ta yaye kwanon aji ɗaya ta nannaɗe shi ta jefa bayan makaranta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a makarantar akwai tsohon gini tun na zamanin En'e, bango mai kauri, rufi can sama, baranda gaba da baya, da 'yan ƙofofin iska a saman bango. Ya tsattsage, ya tsufa, amma in ka shiga da tsakar rana sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. Malamai har rige-rigen aji a cikinsa muke.

Kwanaki na ji a rediyo ana cewa a wasu ƙasashe akwai doka da ta tilasta duk ginin da aka yi da kuɗin gwamnati sai ya zama mai tattalin wuta da ruwa, mai sanyi da kansa, wanda bai cutar da muhalli. Tambayata ita ce mu a Najeriya akwai irin wannan dokar? In babu wa ke da alhakin yin ta, Abuja ko majalisarmu ta Birnin Kebbi? Kuma tsakani da Allah za ta yi amfani ko tsadar kwangila kawai za ta ƙara?

Injiniya_Bakabe:

Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya saka da alheri, Allah Ya ba yarinyar lafiya. Ni aikin gini nake yi kuma na yi duban ayyuka a Kebbi da Sakkwato, abin da ka siffanta na gan shi ya fi a ƙirga.

Takardu dai akwai su. Muna da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. A 2017 kuma ma'aikatar wuta da ayyuka da gidaje ta tarayya, lokacin Fashola na minista, ta fito da wani kundi na musamman kan tattalin wuta a gine-gine, da taimakon hukumar GIZ ta Jamus. Abin da ke ciki ba wani abin tsoro ba ne, taga kada ta wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango sai in an yi mata inuwa, a sa abin tare zafi ƙarƙashin rufi, ƙwan lantarki marar cin wuta, in za a sa na'urar sanyaya ɗaki a sa mai inbata. Sai dokar sauyin yanayi da Buhari ya sa wa hannu a Nuwamban 2021, bayan ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya a Glasgow cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa zuwa 2060. To amma inda gizo ke saƙar shi ne tun 2003 kotun ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya cewa tsarin gari da izinin gini hurumin jihohi ne. Ma'ana duk kyan kundin da aka rubuta a Abuja, in majalisar jiha ba ta ɗauke shi ta mayar da shi dokarta ba, a Jega ko Zuru shawara ce kawai. Don haka amsar tambayarka ta biyu, ƙofar 'yan majalisar jiha 24 ɗin nan na Birnin Kebbi za ka buga.

Abin da ka ji a rediyo kuma gaskiya ne. Jihar Washington ta Amurka tun 2005 ta ce manyan gine-ginen da aka yi da kuɗin jiha sai sun cika wani ma'aunin gini mai tattalin wuta da ruwa da ake kira LEED. Tarayyar Turai ta ce daga 2019 duk sabon ginin hukuma sai ya zama kusan bai cin wutar waje, ta fara da na gwamnati shekara biyu kafin ta hau kan na sauran jama'a. Ruwanda ma nan Afirka ta fito da nata a 2019. Dalilin farawa da ginin gwamnati a fili yake, ita ce babbar mai ba da aikin gini, ita ce kuma za ta yi shekara 40 ko 50 tana biyan kuɗin wuta da gas ɗin janareta, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Amma ni in za a tambaye ni kada a kwaso mana LEED yadda yake, takardunsa da kuɗin masu tantancewa kaɗai sun isa su gina aji. Matsalarmu zafi ce, a nan digiri 40 ba labari ba ne a watan Afrilu. Ginin naku da an juya shi kawai dogayen ɓangarorin suka kalli kudu da arewa, gajerun suka kalli gabas da yamma, da rabin wahalar ta tafi, kuma wannan ko kwabo bai ƙarawa, igiya da turaku ne ranar awo. A ɗaga bango, a fito da kwano ya yi wa bango rumfa, a bar sarari tsakanin kwano da silin da ƙofofin da zafi zai riƙa fita, taga ta kalli taga don iska ta ratsa, kwano fari ba ja ko shuɗi mai duhu ba da ake yayi yanzu. Batun yayewar rufi kuwa yawanci katakon ne ba a ɗaure shi da rodi cikin kankaren saman bango ba, an dai aza an buga ƙusa.

Akwai wata makarantar firamare a ƙauyen Gando na Burkina Faso da wani ɗan garin, Francis Kéré, ya gina a 2001, da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin yadda iska ke wucewa tsakani. Mutumin nan a 2022 ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya. Zafinsu irin namu ne, ƙasarsu irin tamu.

Tsohon_Magini_Argungu:

Salamu alaikum. Jikana ad da waya, shi ka rubuta min abin da ni ka hwaɗi. Malam makaranta, Allah shi yi maka albarka da wagga tambaya. Injiniya ɗana, duk abin da kac ce haka na, sai dai ina son in ƙara maka wani abu, abin ga da kuka kira sabon ilimi mu gadonshi munka yi.

Ni magini na, ubana magini na. Da munka tashi ba mu san bulo ba. Birji mu ka haƙowa, a zuba ruwa a sa ciyawa a tattake da ƙahwa, a bar shi shi kwana biyu a sake tattakewa har shi yi danƙo, sannan a mulmula tubali a shanya. Bango daga ƙasa shina da kauri ƙwarai, shina hawa shina sirancewa. Rufi azara ta giginya, gara ba ta cin ta, a jera a sa zana a zuba ƙasa a daɓe, a hidda indararo. Yaɓen waje da makuba ta ɗorawa, in mai hali na a yi mai laso da katsin marina. Ɗakin da anka yi haka rana ta yini tana dukan shi zahin bai isa ciki sai dare, shi as sa mu ka kwana waje da bazara, to makaranta da ohis ai da rana a ka zama cikinsu, kun ga ke nan kamar don su anka yi shi. Wanda duk ya zo Argungu shi shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar hwada ta, shi tsaya cikin soro da tsakar rana shi ji. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani yag gina tun zamanin da, Turawa har yau zuwa su kai kallon bakan gizonshi.

Amma ba ni yi muku ƙarya. Ginin ƙasa shina son mai shi, kowace shekara kahin ruwa sai an duba an yaɓe, in anka yi sakaci damina biyu ya tahi. Gidan mutum shina da mai shi, ginin gwamnati wa ad da shi? Kuma giginya ta yi ƙaranci, wadda munka sani hwadamu duk an sare, itace na da ka daɗewa bai girma ba, ba ni son a ce a koma azara a ƙarasa 'yan sauran. Abin da ni ka so, in za a yi dokar ga a kira mu a tambaye mu tun muna da rai. Yaran da na koya ma aiki duk sun koma jera bulo don nan kuɗi su ke, ko ɗaya babu mai iya ɗaurin guga na ruhin soro yanzu.

Maman_Walida:

Baba sannu da ƙoƙari, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni dai da na ji an fara maganar ginin ƙasa sai gabana ya faɗi, ku yi haƙuri. Ungozoma ce ni a ƙaramin asibiti a yankin Bagudo, kuma ina nan aka yi ambaliyar 2020, na ga gidajen ƙasa suna narkewa kamar an jiƙa gari, mutane suka kwashe yara suka koma makarantar firamare don ita ce ginin siminti da ya tsaya. Mu mutanen bakin kogi ginin gwamnati ba wurin aiki ba ne kaɗai, shi ne mafaka ranar da ruwa ya zo. To duk dokar da za a yi kada a yi ta da tunanin ƙananan hukumomin Arewa ko Dandi kawai, a tuna da Bagudo da Yawuri da Suru da sauran fadamu, a fara da cewa ba a gina asibiti a kwari ko kan hanyar ruwa don kawai nan ne aka samu fili kyauta, kuma a ɗaga daɓen ya fi inda ruwa ya taɓa kaiwa, tsofaffin gari sun san wurin ko a jikin itace za su nuna maka.

Ni babbar damuwata wuta da ruwa. Ɗakin haihuwarmu taga ɗaya gare shi, ita ma a rufe take kullum saboda ta kalli hanya mata ba su yarda a buɗe, ba wanda ya yi tunanin a sa ta can sama ko a yi mata katanga. Mace na naƙuda cikin wannan zafi, ni na riƙe fitilar waya da baki hannuwana biyu suna aiki, 'yar rakiya na fifita da murfin kwali. Na karɓi haihuwa a haka ban san adadi ba. Ruwa kuma 'yan uwan mai haihuwa ke ɗebowa a jarka, asibiti guda ba famfo. Allurar rigakafi ana son ta tsakanin digiri 2 zuwa 8, firij ɗin sola da aka kawo mana shi ne abu ɗaya da bai taɓa ba mu kunya ba don ba ya da batir, rana na fitowa yake aiki ya tara sanyi. Amma solar fitilu da fanka wata 10 ta yi batiran suka kumbura, an ajiye su a ɗan ɗakin da ya fi ko'ina zafi, har yau ba wanda ya zo.

Sannan kar a manta da sanƙarau, lokacin zafi da ƙura yake tashi kuma cunkoso a ɗaki marar iska na taimaka masa, kowa ya tuna annobarsa da ta ɓarke a Zamfara a 2017. Aji mai yara 80 ba iska Malam ba maganar jin daɗi ba ce kaɗai, maganar lafiya ce.

Kakata 'yar ƙasar Yawuri ce, suna cikin waɗanda aka tayar lokacin dam ɗin Kainji a 1968, aka gina musu gidajen siminti. Har ta rasu tana ba mu labarin yadda suka yi ta kafa bukkoki a gefen sabbin gidajen saboda ba a tambaye su yadda suke zama ba. Shi ya sa na goyi bayan Baba a nan, a tambayi mai zama cikin ginin kafin a zana.

Akanta_Mai_Ritaya_Gusau:

Jama'a ku gafarce ni in shigo daga maƙwabta, Zamfara da Kebbi uwa ɗaya uba ɗaya, daga Sakkwato aka cire mu, ku a 1991 mu a 1996, kuma ciwon iri ɗaya ne. Na yi shekara 33 ina aikin kuɗi a gwamnati kafin in ajiye, fayil ɗin kwangila ya bi ta hannuna da yawa.

Malam, ni ba na jin rashin doka ne ya sa aka yi muku wancan gini. A takardar kwangilar na tabbata an rubuta kaurin kwano, an rubuta silin aji uku, an rubuta ɗaurin rufi, kuma wani ya sa hannu cewa an yi duka. To wanda ya taka wannan me zai hana shi taka sabuwa? Ga misali kusa, dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi hanyar keken guragu, wa'adin ya cika a 2024, kowa ya leƙa ofisoshin garinsu ya ƙirga. Tsorona shi ne a yi doka mai shafi 60, a kafa sabuwar hukuma da shugaba da motoci, a ƙara wata takardar shaida da ɗan kwangila zai saya, kuɗin aji ya hau, yawan ajin da za a gina ya sauka, yaran ƙauye su ci gaba da zama a ƙasa. Mu nan ga matsalar tsaro ta tayar da garuruwa, makarantun cikin gari sun cika sun batse, kowane aji ɗaya yana da daraja.

Ba cewa nake kada a yi ba, ina so a yi, jikokina ma a irin wannan ajin suke. Amma wurin da na san yana yi wa ɗan kwangila ciwo shi ne wurin biya. A al'ada ana riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin aiki har wata 6 don a ga ko wani abu zai lalace. Gini da aka miƙa a Nuwamba, wata 6 ya ƙare kafin ruwan farko, an biya an watse sannan iska ta zo. In dokar ta ce ba a sakin wannan kuɗi sai gini ya ga bazara ɗaya da damina ɗaya, kuma sai hedimasta ko shugabar asibiti da kwamitin gari sun sa hannu tare da injiniya, to an yi wani abu. Na biyu kasafin gyara. A duk shekarun da na yi, kuɗin sabon gini ke fita da sauri don shi ake yanka wa kirtani a ɗauki hoto, kuɗin canja batir ko share ƙurar hunturu daga farantin sola ba mai kula shi. Abin da ya kashe solar Hajiya Maman Walida ke nan. Kuma a haɗa da ayyukan da kuɗinsu ke zuwa ta hukumar ilimin bai-ɗaya UBEC da asusun manyan makarantu TETFund da na mazaɓun 'yan majalisa, don su ne kaso mai yawa na ginin da ake yi, in aka bar su a waje dokar ta zama ta sakatariya kawai.

Injiniya_Bakabe:

Baba Akanta wallahi ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, maganar bazara ɗaya da damina ɗaya ban taɓa tunaninta haka ba kuma ta fi duk abin da na rubuta a sama. Ni ma ba na son sabuwar hukuma, abubuwa kaɗan waɗanda ko hedimasta zai iya aunawa da tef da idonsa sun isa. Inda na ɗan saɓa da kai shi ne tsada. Juya gini kyauta ne, barin itatuwan da aka tarar kyauta ne, launin kwano kusan kuɗi ɗaya ne. Wanda ke ƙara kuɗi shi ne ƙarin layin bulo biyu ko uku da baranda da sola, to amma a sa a sikeli da ajin da aka kashe miliyoyi yara suka gudu daga cikinsa wata uku a shekara. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma ofis nawa ne ke iya tayar da janareta daga safe zuwa la'asar?

Hajiya Maman Walida kin yi gaskiya, ba wanda zai kai tubali zalla fadamar Bagudo. Wanda muke nufi bulon jar ƙasa ne da ake haɗawa da ɗan siminti kaɗan a matse da inji, ba a ƙona shi balle a ci itace, cibiyar binciken gini ta NBRRI ta daɗe tana ƙera injinsa. Ana aza shi kan tushen dutse ko kankare da ya ɗaga sama, rufi ya fito ya kare shi daga ruwa. Nan Nijar a garin Dandaji an gina babban masallaci da irinsa a 2018 aka mayar da tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu, magina na gargajiya irin su Baba aka sa cikin aikin. A wurin da ruwa ke kwanciya kuma a yi na siminti a ɗaga shi, doka ta bar wa kowane yanki abin da ya dace da shi. Rage siminti na da amfani ko don aljihu, ga shi kuma kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya daga yin siminti yake fitowa. Mu da ke da tulin ɓuntun shinkafa a bayan kowane injin casa daga Argungu har Kamba, tokarsa in an ƙona ta yadda ya kamata tana maye gurbin wani kaso na siminti, ya kamata jami'o'inmu na Aliero da Kalgo su riƙe wannan da gaske.

Batun ruwa kuma lissafi ne mai sauƙi. Ruwan sama milimita 1 kan murabba'in mita 1 na kwano lita 1 ne. Rufi mai murabba'in mita 200, a ce ma milimita 700 aka samu a shekara, lita 140,000 ke nan, duro 700, duk yana zuba ƙasa yana cin gindin ginin. Indararo da tanki kawai ake nema, ko na wanke ɗakin haihuwa da bayi ya wadatar da damina.

Malamin_Aji_Huɗu:

Allah Ya saka wa kowa da alheri, wallahi na ƙaru fiye da yadda na zata. Baba na Argungu Allah Ya ja kwana, in Allah Ya kai ni garinku zan shiga soron nan in tsaya. Jiya na karanta wa hedimastanmu duka, ya ce mu rubuta takarda da sunan kwamitin makaranta mu kai wa ɗan majalisarmu in ya shigo gida ƙarshen wata, za mu sa maganar fuskar gini da tsawon bango da ta riƙe kuɗi har bayan damina, kuma zan nemi malaman makarantu biyu da ke kusa da mu su ma su sa hannu. Mun dasa bedi 6 a bayan ginin ta yamma tun bara awaki suka cinye 4, bana mun kewaye su da ƙaya kowane aji da nasa itacen da zai riƙa ba ruwa.

Injiniya tambaya ɗaya ta rage, kafin a kai ga doka mu da ginin ya riga ya tsaya, in muka yi karo-karo muka shafa wa kwanon farar ƙasa zai rage zafin ko ɓarnar kuɗi ne?

Injiniya_Bakabe:

Zai rage Malam, za ku ji bambanci a ranar, sai dai farar ƙasa ruwan farko zai wanke ta, kowace shekara sai kun sake a watan Fabrairu. In kuɗin zai kai ku sayi farin fenti na kwano, a wanke ƙurar tukuna a bar shi ya bushe, shafi biyu, da sassafe kafin kwanon ya ɗau zafi. Amma ku fara da ajin da ba silin, ko zana ce a ɗaura a ƙarƙashin katakon a bar ɗan sarari sama, sannan a fasa bulo biyu-biyu a can saman bango gaba da baya a sa raga. Kuma don Allah kada a hau da yara, kwanon da ka siffanta ba zai ɗauki mutum ba sai an shimfiɗa katako an taka kan layin ƙusa. Kafin ku shafa komai ku samo kafinta ya duba ɗaurin sauran aji biyun, ya zagaya katakon da waya mai kauri ko siririn rodi ya kama bango, kafin hadarin watan Mayu.